Farin Ƙyalle a Gonar Tsoho

Ranar da kakana ya rasu a Tsibiri, wanda ya fi kowa kuka shi ne wanda ya fi kowa zaginsa yana da rai. Taubashinsa ne, wani dogon dattijo daga Jiratawa. Tun babur bai gama tsayawa ba ya diro, ya faɗo zaure yana share hawaye da hannun riga. Muna cikin gida muna jin muryarsa a kan gawar: "Ƙazami, ka tahi ka bar mu da dajinka ko? To yanzu wa za ya shiga wannan sunƙurun?" An ce liman ya ɗago kai zai tsawata, da ya ga mai maganar sai ya mayar da kansa ƙasa. Tsakanin taubasai ba a shiga, ko da makara tana ajiye.

A cikin gida ma ta'aziyyar ba ta tafi yadda aka saba ba. Wata maƙwabciya ta shigo da salati, ta rungume kakata, ta yi kuka mai isarta, sannan ta face hanci ta ce, "Yanzu ina za mu samu iccen tuwo?" Wata ta ce ita akuyarta take tausayi, don da 'ya'yan gawon gonarsa ta saba. Kaka kuwa, matarsa tun ƙuruciya, tana zaune a kan tabarma idonta a bushe. Da aka dame ta da "sai haƙuri", sai ta ce, "Na yi. Ko ba komi ɗankwalayena sun huta." Mata suka rufe baki da mayafi suna dariya. Ni na san ta, na san ba dariya ce a ranta ba.

Ranar sadakar uku ne maganar da ta hana ni barci ta fito. Baba Alhaji, wan mahaifina kuma babban ɗan marigayin, ɗan kasuwa mai mangaza, wato babban shago, a Maraɗi da gida a unguwar Zariya, ya gyara zaman babbar riga ya ce da an yi sadakar arba'in zai kawo masu gatari su share gonar nan tas. Zai sa garma, ya zuba takin zamani, ya shuka aya kamar sauran mutane. Ya ce ya gaji da jin kunya. Shi ne babba, kuma gonar a hannunsa za ta zauna.

Ni jika ce, tela ce a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, kuma ban taɓa kiran kakana da wani suna ba sai Tsoho. Shi kuma Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Ina rubuta wannan ne don yaran da ke shan inuwar gonar nan yau su san wanda ya sha zagi a kanta.

A ƙasarmu a wancan lokacin, manomin kirki shi ne mai gona fes. Kafin ruwa ya sauka za a yi sassabe, a sare duk wani toho, a tara kara a cinna wuta, har sai mutum ya tsaya a wannan iyaka ya hango ƙadangare a waccan. Tsoho ma haka ya yi rabin rayuwarsa. Sai wata shekara bayan babban fari, kurkunu ya kwantar da shi daidai lokacin sassabe. Rabin gona aka share, rabi ya tsaya da tohon sabara da kalgo. Da aka yi shuka, iska ta taso ta binne hatsin kowa da rairayi, har mutane suka gaji da maimaita iri. A ɓangaren da ba a share ba, hatsi ya laɓe bayan tohon ya tsira.

Daga nan Tsoho ya rantse ba zai ƙara kashe kututture ba. Sai ya zo gindin kowanne, ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya rage sauran, ya ɗaura wa waɗanda ya bari ƙyalle don mai neman itace ya san suna da mai su. "Kututture ba gawa ba ne," in ji shi, "kwana shi kai. In ka bar taka mashi kai, tashi za ya yi." Daga baya muka ji a rediyo ana koya wa mutane irin wannan aiki, har da suna mai daɗi, wai sassaben zamani. Tsoho ya gyara hula ya dubi Kaka. Ta ce, "Kada ka dube ni. Ba ilimi ba ne, kurkunu ne." Ya ce ai kowa da malaminsa, nasa dai ta ƙafa ya shigo.

Bai tsaya ga itatuwa ba. Ya daina ƙona kara, ya bar shi kwance a gona, ya ce gara ma'aikatansa ne, kuma ba su taɓa tafiya yajin aiki ba. Ya riƙa roƙon Fulani su kwana da shanu a gonar. Abin da ya fi ɓata wa dangi rai shi ne shara. In an yi biki ko suna a gidan wani ɗan uwa a Maraɗi, kowa na komawa da goro da alewa, Tsoho na komawa da amalanke cike da toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan Baba Alhaji, gaban manyan baƙi, yana yaba jujin gidan. Ya ce bai taɓa ganin juji mai albarka irin wannan ba, a ajiye masa kada a ba kowa.

Taubashinsa na Jiratawa yana noman rani a inda ruwa ke bin kwalbati, komai a kan layi, babu ko tsinke. Duk zuwansa sai ya tsaya bakin gonar Tsoho ya yi sallama da ƙarfi, ya ce yana tsoron kada kura ta fito. "Otal ka gina ma tsuntsaye," yake cewa, "su ci hatsi su hau bisa su huta." Tsoho ya ce aƙalla baƙinsa suna barin taki kafin su tashi, ba kamar wasu baƙin da ke zuwa daga Jiratawa su cinye tuwo su tafi ba. Shekarar da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, taki ya gagari talaka, sai ga mutumin Jiratawa da buhu a hammata, wai ragonsa ne ya aiko shi neman 'ya'yan gawo. Tsoho ya cika masa buhun, ya ɗora masa damin itace, ya raka shi har bakin hanya yana ce masa ya kula da kura.

Ƙyallayen kuwa, da farko kayan Kaka ne suka sha wahala. In ta shanya ɗankwali ta shiga ɗaki, sai ta fito ta tarar ya rage tsawo. Da na sayi keken ɗinki sai ta samu sauƙi. Duk ranar da ya shigo Maraɗi sai ya biyo Sabon Gari, ya zauna bakin ƙofata ya ce, "Amarya, ina tukuicin miji?" Ni kuma in ce mijin da ba ya kawo cefane ba ya da tukuici sai tsumma. In miƙa masa ƙunshin ragowar yadi, ya buɗe yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙorafin wai na cika rowa da almakashi.

Ana haka siyasa ta buɗe, jam'iyyu suka fito kamar tururuwa, kowace da launinta. Ni tela ba ni da jam'iyya, duk wanda ya kawo yadin mitin zan ɗinka masa. Ragowar duk a gonar Tsoho take ƙarewa. Ba a jima ba labari ya zaga Tsibiri cewa gonarsa ta shiga adawa. Samarin wata jam'iyya suka zo da zafinsu, suka ce sun ga launin abokan gaba yana kaɗawa a bakin hanya. Tsoho ya ce su biyo shi. Ya nuna musu wani kalgo ya ce, "Wannan naku na, tun farko bai taɓa sauya sheƙa ba. Waccan sabarar ta waɗancan ta. Gawon nan kuwa ya ce shi sai ya ga wanda ya ci." Ya ce duk a gona ɗaya suke kwana, bai taɓa jin sun jefi juna da dutse ba. Samarin suka ɓuge da cin magarya.

Da sojoji suka karɓi mulki, kowa ya shiga sauke tuta yana ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Baba Alhaji ya aiko direbansa a guje, wai a gaya wa Tsoho ya kwance tsummokaran nan kafin su ja wa mutane magana. Tsoho ya ce a koma a gaya wa ɗan nasa mai kamyo, wato babbar motar kaya, ya kwantar da hankalinsa, akwai ragowar kaki a jikin aduwar tsakiyar gona, su ma an ba su kujera.

Baba Alhaji aike ya yi, bai zo da kansa ba, don a lokacin sun daɗe ba su ci a kwano ɗaya ba. Ga abin da ya raba su. Abokan kasuwancin Baba Alhaji suna wucewa ta hanyar Tsibiri, suna ganin gonar, su dawo su ce, "Alhaji, duk arzikin nan ka kasa ɗaukar ma tsohonka 'yan ƙodago?" Abin ya ci masa rai. Wata ranar kasuwa, da ya san Tsoho ba ya gona, sai ya tura ma'aikata suka share ɓangaren gabas ƙaf, suka tara suka ƙone. A ransa alheri ya yi wa ubansa, kuma na yarda da haka yake nufi.

Tsoho bai ɗaga murya ba. Washegari ya ɗauki tsintsiya ya hau mota zuwa Maraɗi, ya shiga mangazar ɗansa, ya fara fito da katan-katan na shayi da sabulu yana jibgewa a bakin titi. Yaran shago suka tsaya sororo, ba mai iya riƙe hannun uban maigida. Baba Alhaji ya fito yana cewa, "Baba, lahiya? Mi ya faru?" Tsoho ya ce, "Lahiya lau. Alheri na zo ramawa. Na ga wurin ga ya cika da shirgi, ko ƙadangare ba a hangowa." 'Yan kasuwa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Baba Alhaji bai yi dariya ba, kuma bai manta ba.

Amma akwai wani ƙyallen da ba daga kekena yake fitowa ba, shi ne fari. A shekarun nan itace ya yi wuya ƙwarai, har in an yi mutuwa sai an sha wahala kafin a samu sandunan da za a jera a bakin ƙaramin ramin kabari, kada ƙasa ta faɗa wa mamaci. Wasu da fasassun tukwane suke rufewa. Tsoho, wanda zai bi ka da gudu in ka karya masa tsinken sakace, in ya ji an yi rasuwa ba ya jiran a roƙe shi. Zai ɗauki gatari ya je ya rage rassa, ya ɗora wa jaki, ya kai maƙabarta. Abin da yake nema kawai shi ne ɗan siririn ƙyalle daga ragowar likkafani. Sai ya koma ya ɗaura a jikin itacen da ya ba da rassan. Itacen da ya samu fari ya gama da gatarin kowa, sai dai askin rassa.

Nasa sandunan ma ya tanada, ya jingine su bayan rumbu. Sai dai ba sa daɗewa. Da an yi mutuwar gaggawa zai kwashe ya bayar, ya dawo yana mita wai wane ya shige masa layi. Kaka ta ce mutumin da ya kasa riƙe iccen kabarinsa, ina zai riƙe kuɗin cefane.

Shekarar da sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauki autan Baba Alhaji, yaron da yake zaunarwa a gaban mota ya zaga da shi kasuwa. Uban yana can bakin teku wajen fito da kaya. An kai yaron likita da safe, kafin la'asar ya cika. Tsoho ne ya zo daga Tsibiri da 'yan gajerun sanduna a bayan jaki, shi ya shiga ramin ya jera su da hannunsa. Da aka dawo ya same ni a ɗaki, ragowar farin yadin na hannuna. Bai ce Amarya ba ranar. Ya ce, "Yanko mani kaɗan." Na tambaye shi daga wane itace ya saro. Ya ce wani kalgo ne a gabas, cikin waɗanda 'yan ƙodago suka sare, ya sake tashi. Da Baba Alhaji ya dawo ya yi kukansa a ɓoye, bai tambayi yadda aka yi ba, Tsoho kuma bai faɗa ba. Duk su biyun taurin kai gare su, kuma har gobe ina jin haushinsu a kan wannan shirun.

To, ga arba'in ta matso, masu gatari sun ji magana. Kaka tana takaba, ba ta fita. Ta kira ni ɗakinta, ta jawo tsohuwar rigar Tsoho ta gona, da malfarsa mai huji a ka, da gatarinsa. Ta ce, "Ba ku jikoki ke wasan kwaikwayon mamaci ran sadaka ba? To ki yi shi da kyau. Abin da ɗiya ba ta iya gaya ma baffanta, uba na iyawa."

Ranar arba'in, da aka shafa addu'a, Baba Alhaji ya tashi da masu gatari za su je duba aikin. Sai ga ni na fito cikin riga har ƙasa, ina ɗingishin kurkunu, sauran jikoki na bina da shewa. Mutane suka fashe da dariya. Mutumin Jiratawa ya dafe kai ya ce, "Wayyo, ƙazamin ya dawo!" Baba Alhaji ya ɓata fuska, amma al'ada ce, ba shi da ikon korata. Haka muka ɗunguma har gona, ni a gaba.

Na kumbura murya irin ta Tsoho na ce, "Kai mai gatari, ba ka gaida mutane? Wannan gawon na masu kore na. Wannan ɗan adawa na, kada ka tsaya kusa da shi." Ana ta dariya. Sai na fara tsayawa a masu fari. "Wannan ita ta rufe ungozoma, wadda ta yanke cibin rabin garin ga. Wannan shi ya rufe ladan. Wannan ta rufe matar maƙeri da jinjirinta." Dariyar ta fara raguwa. Na lura masu gatarin sun sauke gataransu daga kafaɗa, sun riƙe su a ƙasa. Mutumin Jiratawa ya nuna wata magarya mai sabon fari, ya ce wannan shi ya ɗaura da hannunsa, ita ta rufe mai gonar.

Baba Alhaji ya ce, "To, wasa ya isa haka. Daga gabas za a fara, can ba manyan itace."

Muka isa gabas. Kalgon yana nan, bai fi tsayin ɗaki ba, farin ƙyallen ya yi ja don rana da ruwa. Na shirya abin da zan faɗa da muryar Tsoho tun a gida, har da yadda zan nuna shi da gatari. Da na buɗe baki sai muryar ta ƙi zuwa. Na cire malfar. Da muryata na ce, "Baba, wannan shi ya rufe ƙanena."

Ya dube ni. Ya ce, "Wane ƙanen naki?"

Na ce, "Autanka. Ni na yanko ƙyallen."

Mutumin Jiratawa, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, a hankali ya ce, "Nan ne yaranka sunka share, Alhaji. Shi ya sake tashi." Baba Alhaji ya matsa, ya kama ƙyallen da yatsu biyu, ya daɗe a haka. Ya dubi kututturen, inda tsohon saran yake har yanzu, ya dubi rassan da suka fito a gefensa. Sannan ya juya mana baya yana gyaran hula, gyaran da ya ƙi ƙarewa. Da ya juyo sai ya ce wa masu gatari, "Rana ta yi yau. Ku tahi, sai baɗi."

Baɗi ta zo ya ce sai baɗi. Har yau in an tambaye shi zancen aya, cewa yake yana nan yana shiri. Allah Ya ji ƙan Tsoho, Ya yafe masa, Ya sa inuwar da ya bar mana ta riga shi isa can.

Bayan wannan damina Baba Alhaji ya fara biyowa ta Sabon Gari. Zai tsaya a ƙofata, ba ya zama, ya ce in akwai ragowar yadi in ba shi na goge mota. Sai ya ƙara da cewa a yanka su sirara, dogaye. Ban taɓa ganin motar da ake gogewa da ƙyalle mai faɗin yatsa biyu ba, amma baffana ne, sai in yanka masa. Direbansa ya gaya mini har jujin gidan Zariya yanzu kamyo ke kwashewa zuwa Tsibiri, wai don tsabta.

Bara Kaka ta bi mijinta. Kafin a gama wanka sai ga Baba Alhaji ya dawo daga gona, shaddarsa duk ƙaiƙayi, tafin hannunsa ya fashe, sanduna a kafaɗa. Da aka dawo daga maƙabarta ya same ni a ɗakinta, ragowar likkafanin na kan cinyata. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, yanko mani kaɗan." Wannan karon bai ce na goge mota ba ne.